Tamale da Ƙwayata a Bakin Zane

Fita daga Zango

Kafin kiran asuba na farka, zumuɗi ya hana ni komawa barci. 'Yata Sakina ta haihu a Tamale, kuma wannan ce tafiyata ta farko tun da aka yi mini aikin maƙoƙo aka cire shi gaba ɗaya. Tun daga lokacin, wata 'yar ƙwaya ce ke yi mini aikin abin da aka cire. Kullum da safe nake haɗiye ta da ruwa zalla, ba koko, ba shayi, sai an jima.

Watannin baya ko kasuwar Kejetia ba na iya zuwa. Ga kasala, ga sanyi da rana tsaka, gashina na zuba. Da likita ta auna jinina ta ƙara mini ƙarfin ƙwayar, sai na fara jin ni ce. Na tambaye ta zancen tafiya, ta ce, "Je ki, Hajiya, amma kada magani ya shiga akwati. A jikinki zai zauna." Na ƙulle shi a bakin zane.

Alhaji, maigidana, bai so ba. "Ki bari ki ƙara ƙarfi mana." Na ce jikata ba za ta jira ni ba. Ƙanwata Ramatu ta ɗauki jaka, muka tari tasi zuwa tashar Race Course, muka shiga motar Tamale. Gari na wayewa direba ya buga ƙofa ya ce, "Yɛnkɔ!" wato mu tafi.

Techiman

A nan na karya da koko da ƙosai masu zafi. A nan kuma wani mai tallan magani ya shigo, da kwalabe a jaka. Maganinsa, in ji shi, na warkar da basir da hawan jini da maƙoƙo, wanda ya sha ya yi sallama da ƙwayar asibiti.

Na ja gyalena na nuna masa tabon wuyana. "Ɗana, kwalbarka za ta tsiro mini da sabo?"

Mota ta kwashe da dariya. Ya ce, "Maame, naki ya fi ƙarfina," ya koma kan basir.

Wata mata a bayana ta taɓo ni a hankali. Ta ce ita ma an yi wa yayarta aikin, ta ji sauƙi ta ajiye maganin, yanzu ga ta nan kumbure, kullum barci. Na ce, "Don Allah ki mai da ita asibiti. Wannan ba maganin da ake gamawa ba ne."

Kintampo

Bayan shingen 'yan sanda sai na ji leɓena kamar ana tsira masa allura, yatsuna suna ƙagewa. Ramatu ta riƙe hannuna. "Yaya, mu sauka?"

An riga an gaya mini haka kan faru bayan aikin, an kuma ba ni wata ƙwaya dabam mai tauna, ta ƙarfin ƙashi. Na tauna, na jingina, ina salati. Direba ya tsaya ya ce ba inda za mu sai Hajiya ta ce a tafi. Kafin Ramatu ta dawo da soyayyar doya yatsuna sun saki. Na kira asibiti duk da haka, aka ce in na dawo in je a auna.

Tamale

Da la'asar muka shiga. Sakina ta rungume ni, ta shafa tabon tana hawaye. Washegari aka raɗa suna, sai na ji liman ya ambaci sunana. Tun aikin muryata a dishe take, ko kiran yara ba na iyawa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Ta fito a karye, amma ta fito, mata suka karɓe.

Gida

Mun dawo bayan suna da wagashi, wato cuku, da man kaɗe. Muna sauka a tasha sai ga Alhaji tsaye cikin rana, wai ya zo neman wani bakanike ne. Ramatu ta ce, "Bakanike da babbar riga, Alhaji?" Ya karɓi jakata, ya ce, "To, ina hoton takwarar taki?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direban da ya jira.