Kawu Ilu, Ɗan Dokan da Ya Yi Sadaka Ranar da Aka Kore Shi

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rufe Kawu Ilu a Jibiya, amma ban taɓa jin rashinsa kamar makon nan ba.

Ɗan doka ne na zamanin En'e, lokacin da kowace ƙasa ke da 'yan sandanta. Ranar da aka rushe su aka mai da komai hannun tarayya, shi bai samu shiga ba, ga iyali. Sai ya sa aka toya waina, ya raba sadaka. Mutane suka ce ya taɓu. Da na girma na tambaye shi, ya ce aikin bai fi ƙarfinsa ba sai da siyasa ta shigo. Baƙo ba ya sanin ɗan hamayya, shi kuwa ya san kowa har ɗakin uwarsa. Shi aka tura ya kamo telan da ya ɗinka masa rigar aure, don kawai ya je taron wata jam'iyya. Da telan ya fito daga gidan yari ya tsallaka Maraɗi, bai sake dawowa ba.

Ni dai na ɗauka tarihi ne. Da ɓarayin daji suka hana mu noma wajen Daddara, ina cikin masu ihun a ba jiha nata jami'an, tunda wanda aka turo daga nesa bai san hanyar Gangara ba. Da ɗan gari akan ci gari, in ji mu. Da jiha ta fara ɗaukar nata, ni da kaina na tura ɗana Sani neman aikin tsaron.

Innalillahi! Yaro ya dawo jikinsa a sanyaye. Wai mutumin da ya tsaya masa bai tambaye shi ko ya san daji ba. Cewa ya yi ya riƙa zama bakin iyaka, kusa da duwan, wato shingen kwastan, yana lura da wa Mamman direba ke ɗaukowa. Mamman maƙwabcinmu ne, ɗan hamayya, shi ya kai uwar Sani asibiti ranar haihuwarsa. Ko albashin farko ba a biya ba, wallahi!

Me Kawu zai ce? Bai bar gida ba, bai bar fansho ba. Tsoron hukumar da ta san ƙofar kowa ya bar mana, ni kuwa na yi sakaci da gadon.

Na ce wa Sani ya mai da musu rigarsu. Sai ya ce:

"Baba, in na ajiye, wanda zai ɗauka mu za a ce ya lura da mu."