Ranar da Kunkurun Kaka Ya Zama Kifi

Kakata tana da kunkuru da ke kwana a gindin randarta. Marigayi mijinta ne ya tsinto shi a bakin wani tafki a Baure. Duk sanda kawuna ya ce ta tattara ta koma Dutsi wurin 'yarta, don yana son ɗakinta ya jibge buhunan gero, sai ta nuna kunkurun, amsarta ɗaya ce: "Wannan bawan Allah bai san wani gida ba, ni ma haka."

A gidanmu na Daura akwai wata 'yar haya, ma'aikaciyar jinya, 'yar Katolika. Mutuniyar kirki, ita ke duba wa Kaka hawan jini. Da azuminsu ya kama muka aika mata nama wata Juma'a, sai ga ta ta dawo da shi tana ta ba da haƙuri. Ta ce a Juma'ar azumi ba sa cin naman dabba ko na tsuntsu, sai kifi.

Kawu da shegiyar tambaya! Kaza fa? A'a. Agwagwa fa, ai a ruwa take wuni? A'a, tsuntsu ce. Kwaɗo? Ta yi dariya, ta ce duk mai sanyin jini tare da kifi ake lissafa shi, har kada da kunkuru, a garinsu ma ana ci.

Kawu ya ce, "To, madalla."

Juma'ar da ta biyo baya na raka Kaka gaisuwar mutuwa. Bayan fitarmu Kawu ya fasa kunkurun, ya kai wa matar naman, wai daga kasuwar Mashi ya sayo mata. Sannan ya zura babbar riga ya tafi masallaci. Mugu, baƙin mugu! Har gobe na tsane shi.

Muka dawo, Kaka ta yi ta rarrafe tana lalube a bayan randa. Matar ta shigo taya nema, hannunta na ƙamshin farfesu. Sai ga Kawu. Ya dire ƙoƙon bayan kunkurun a gaban mahaifiyarsa, a wanke tas.

Ya ce, "Ga shi nan, Inna. Yanzu ko'ina aka kai shi zai zauna."

Matar ta dafe baki ta fita da gudu, muna jin amanta. Kaka ko hawaye ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙoƙon ta naɗe a mayafinta, ta ce a nemo mota.

Ba ta ga damina a Dutsi ba, rai ya yi halinsa. Geron kuwa har sama ya cika ɗakin.