Hureira da Biran Tsibiri

Hureira malamar firamare ce a Bichi kafin mijinta Hambali ya samu gurbin karatu a Kuala Lumpur. Ta ajiye alli ta biyo shi da ɗansu Rayyan. Binciken Hambali a kan wani biri ne mai farin gashi a wuya, wanda ba a samun irinsa sai a wani ɗan tsibiri, kuma ƙarewa yake yi. In 'yan gida suka tambaye ta abin da mijinta ke karantawa, sai ta ce dabbobi, ta sako wata hirar.

A unguwarsu ta Pantai Dalam ta kama yin dambun nama, ɗalibai suna zuwa tapau, wato su saya su tafi da shi. Birai kuwa ba ta rasa su ba. Daga tudun bayan gidan suke saukowa su faɗo ta taga, ranar da ta manta ta bar ta a buɗe suka kwashe mata rabin tire.

"Abban Rayyan, ga birai har kicin ɗina, kai kana can kana nemansu a tsakiyar teku!"

"Waɗannan daban ne, Hureira. Nawa ba sa yarda da mutum."

Da aka yi hutu ta ce sai ta ga abin da ya raba ta da ajinta. A jirgin ruwa amai ta yi ta yi har suka sauka a tsibirin. Suka wuni cikin kurmi, sauro ya gama da ƙafafunta, Rayyan yana ta mita da Turanci, ko jelar biri ba su gani ba. Da suka isa kwarin da Hambali ya saba tarar da garken, sai jar ƙasa da motocin tono. Otal za a gina. Hambali ya zauna a kan kututture.

Ita ce ta nufi mai gadin wurin ta hau shi da faɗa, Hausa haɗe da guntun Malay. Mutumin ya bari ta gama, ya ce, "Tak boleh lah," wato ba zai yiwu ba, ya nuna mata hanyar fita.

Bayan sun dawo, malamin Hambali ya ce dole a gano inda garken ya koma, don haka an ƙara masa shekara. Hureira ta shiga ɗaki ta kira ƙanwarta Saudatu, wadda aka sa bikinta bayan Sallah.

"Ku yi abinku kawai, ba za mu samu zuwa ba," ta ce. "Ankon ma ki ba wata."