Kilo Takwas da Kabewar Tsohuwa

Ina tsakiyar yi wa jarirai rigakafi a asibitin unguwarmu, ranar Talata da hantsi, salulata ta yi ƙara cikin aljihu. Inna ce. Ba ta taɓa kirana a wurin aiki ba, don haka tun kafin ta yi magana jikina ya ba ni. Ta ce, "Hadiza, ki taho gida. Babanki ya cika." Ya karya kumallo, ya zauna gaban keken ɗinkinsa kamar kullum, ya jingina kai da bango, shi ke nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Masu ta'aziyya sun cika gidanmu na unguwar Bobiyel a Yamai, kowa da abin da ya tuna na Malam Isufu tela: haƙurinsa, riƙon amanarsa, da yadda ba ya ɗaga wa mutum ranar karɓar ɗinki. Duk gaskiya ne. Amma ni abin da nake so in rubuta daban ne, kuma ina roƙon masu makoki su yi mini uzuri idan suka ji murna a cikin maganata. Ba na iya tuna shekarun ƙarshe na mahaifina ba tare da zuciyata ta yi tsalle ba.

Baba mutumin ƙasar Maradi ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ya shekara arba'in yana ɗinki a bakin Babbar Kasuwa, kuma duk tsawon wannan lokaci bai san kogin Isa, wato Kwara, ba sai ta saman gada. Wata rana wani mai yi wa baƙi jagora a daji ya kawo masa jakar goyo ta yage, a gyara. Baba ya ɗaga ta, ya ji kamar ba komai a hannunsa. Ya juya cikinta waje, ya bi kowane layin ɗinki da yatsa, ya yi ta tambaya har mai jakar ya gaji. A nan ya ji cewa akwai jirgin roba na mutum ɗaya da ake naɗewa kamar tabarmar salla a sa a jaka, a yi tafiyar ƙasa da shi, in an kai bakin ruwa a hura a shiga. Da baƙi suka daina zuwa, mutumin ya bar wa Baba tsohon jirginsa mai faci uku, da filafilin tuƙi mai rabuwa gida huɗu. Ranar Baba ya shigo gida yana dariya shi kaɗai, har Inna ta tambaye shi ko lafiya.

Ya koyi tuƙi a gefen gari wurin abokinsa Hamani, wani Bazabarme masunci. Burinsa guda ne: ya taka da ƙafa har kusa da Bubon, wani ƙauye na bakin kogi sama da Yamai, ya kwana a hanya, ya dawo Yamai a kan ruwa. Sai ciwon baya ya kwantar da shi, aka kuma gano zuciyarsa ba ta da ƙarfi kamar da. Lokotoro ya ce kada ya ƙara ɗaukar abin da ya wuce kilo takwas. Ni kuwa, da yake ni ce ma'aikaciyar jinya a gidan, na ƙara nawa gishirin: babu kogi, babu daji. Na ɗauke jirgin na kulle a ɗakina. Shekara biyu cur yana wurina.

Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka bai taɓa kirana da shi ba, sai "Uwata". Bai yi mini gardama ba ko sau ɗaya. Amma wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zaunar da ni, ya tambaye ni a natse: idan jirgi da filafili da rigar ruwa mai hana nutsewa da abinci da abin kwanciya da jakar kanta duka suka tsaya a kilo takwas, zan bar shi? Na yi dariya na ce na yarda, don na tabbata ba zai yiwu ba. Na gindaya sharaɗi biyu: da ni za a je, kuma duk inda kayansa suka haura takwas, a nan za mu kira mota mu koma. Ya ce, "Na ji, Madam lokotoro. Alkawari kaya ne."

Na fito masa da jirgin, daga ranar kuwa gidanmu ya zama wani abu. Ya samo balans, irin ma'aunin rataya na masu sayar da kifi, ya kafa ƙusa a bakin ƙofa. Duk abin da ya shigo hannunsa sai ya hau ƙugiya. Ya fara da tara kayan tafiya, jaka ce ta ƙarshe, domin a cewarsa ba a yanka riga kafin a ga mai ita. Jakar farko da buhun shinkafa ya ɗinka, ta goge masa kafaɗa har ta yi ja. Ta biyu ta sha ruwa. Ta uku da ƙyallen wani tsohon tanti ya yi ta, kuma ita ce ta zauna. Babu ƙarfe a bayanta, shimfiɗarsa ta soso yake ninkewa ya jingina ta ciki, ta zama ita ce ƙashin baya. Babu zif ko ɗaya, don ya ce yashi ke kashe shi kuma nauyi ne na banza. Bakin jakar naɗewa ake yi sau uku a ɗaure. Ya shafe layukan ɗinki da gam ɗin masu facin taya, ya sa aljihu biyu a gefe don sassan filafili, ya yi mata ɗamara mai faɗi yadda nauyi zai sauka a ƙugu ya bar kafaɗa ta huta. Da ya gama ya goya ta cike da yashi ya zagaya Bobiyel tun safe har azahar, ƴan unguwa suna ta tsokanarsa. Ya ce da su ba a zaɓen jaka da ido, kafaɗa ce ke zaɓe, ita ma sai ta wuni.

Abin dariya bai ƙare ba. Ya raba asuwakinsa biyu. Ya yanke wutsiyar cokali. Rawaninsa shi ne abin salla, shi ne tawul, shi ne inuwa. Yakan ce, "Kayan da aikinsa ɗaya ne ya zauna gida." Inna ta soya masa kaza ta haɗa da bargo mai kauri, ya yi godiya sosai, ya cinye kazar a tsakar gida, ya mayar mata da bargon kan gado. Ranar awo na ƙarshe ni da kaina na rataya jakar. Kilo bakwai da ɗari tara. Baba, dattijo mai shekara sittin da takwas, ya tafa hannu ya juya sau biyu a tsakar gida kamar yaron da aka ɗinka wa kayan salla.

Muka tashi lokacin sanyi, kogi ya cika ya batse. Hamani zai jira mu a bakin ruwa kusa da Bubon da kwalekwalensa. Ni ma Baba ya ɗinka mini tawa jakar, kuma wallahi na sha mamaki, don sai in manta tana bayana. Muka bi ta kan tuddai jajaye, muka sauka cikin gonaki, yana gaba yana nuna mini kowane tsuntsu kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ina auna bugun zuciyarsa a kowane zango, yana miƙo hannu yana ce mini in yi sauri rana na tafiya.

Rana ta biyu da hantsi, saura tafiyar rabin awa mu kai wurin Hamani, muka huta a gindin mangwaron wata tsohuwa. Ba ta jin Hausa sosai, mu ma Zabarmancinmu na kasuwa ne, amma gaisuwarsu ta "fofo" ta wadatar. Baba ya lura igiyar takalminta ta tsinke. Ya zaro allurarsa, wadda ita kam bai taɓa tunanin barinta ba, ya ɗinke mata tsaf. Tsohuwa ta shige bukka ta fito rungume da kabewa, ƙatuwa, irin wadda ake lodawa a jirage a kai Yamai. Ta dire ta a gabansa da hannu biyu tana ta sa albarka.

Na yi masa raɗa cewa ya ba ta haƙuri. Ya dube ni kamar na ce ya zagi liman. A duniyarsa ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na tsohuwar da ba ta da abin da ya fi wannan. Ya karɓa, ya yi godiya, ya kwance bakin jakar ya tura kabewar, ƙyallen ya ɗame har ina jin zare yana kuka. Muka yi sallama. Da muka ɓace wa idonta ya tsaya, ya sauke jakar, ya zaro balans ɗin da na taho da shi daga aljihun jakata, ya rataya da kansa. Kilo goma sha uku.

Ba zan manta fuskarsa ba. Daga inda muke ana hango ruwan yana ƙyalli tsakanin itatuwa. Da ya so da ya ajiye kabewar a bayan wani dutse, ko ya ce mini ai saura kaɗan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Uwata, na karya sharaɗi. Kira motar." Bai ƙara kallon wajen kogin ba.

Na fito da salular. Har na nemo lambar direban. Sai kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don na ga mutumin da ya yi wata takwas yana aske giram-giram saboda maganata zai bar burinsa a kan kyautar da ya kasa wulaƙantawa. Na mayar da salular aljihu. Na zare kabewar daga jakarsa, na kwance ɗankwalina na naɗa gammo, na ɗora ta a ka. Na ce masa sharaɗin a kan bayansa yake, ban ce komai a kan kaina ba. Ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce ashe boko bai cinye wuyan ɗiyarsa ba.

A bakin ruwa ya zazzage jakar, ya riƙa kamfato iska da wani buhun leda yana matsawa cikin jirgin har ya tashi ya yi tauri. Ya mayar da kayan, ya naɗe bakin jakar sau uku, ya ɗaure ta a goshin jirgi, ya sa rigar ruwa, ya yi bismilla. Ni da kabewa muka shiga kwalekwalen Hamani, wanda ya san inda dorina ke kwana ya kauce da mu. Ruwa ya ɗauki Baba a hankali, sannan da sauri. Ya riƙa ɗaga filafili yana gaida masunta, da mata masu wanki, da mutanen da bai taɓa gani ba. Ya yi waƙoƙin ƙauyensu da ban san ya iya ba. Da la'asar gadar Yamai ta bayyana, ya daina tuƙi, ya kwantar da kai baya yana kallon cikinta daga ƙasa har muka wuce. Ya juyo ya ce, "Uwata, shekara arba'in ina bisa. Ashe haka take ta nan."

Wata tara ya ƙara a duniya bayan wannan tafiya, kuma a cikinsu ya sake shiga ruwa sau biyar, da izinina. Tun ranar Talatar nan nake tambayar kaina ko na gaggauta masa. Na san amsar da aikina zai bayar, na kuma san ajali ba ya jiran kowa. Ban yi nadamar barinsa ba ko kaɗan. Abin da ke ci mini rai shi ne shekaru biyun da na kulle jirgin a ɗakina, yana wucewa ta ƙofar kullum bai taɓa cewa uffan ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isufu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zamanta, ka riƙa mana ƙannena, ka saka wa Hamani da duk wanda ya tako ya yi mana gaisuwa. Ni kuma, ya Ubangiji, ban samu na roƙi gafararsa a kan shekaru biyun nan ba, kullum ina cewa gobe. Ka isar masa cewa uwarsa ta gane, ka yafe mini. Amin.