Mai Walda Da 'Ya'yansa Maza

Mai walda bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, in dai shi za a tambaya. In ƙofar da ya haɗa ta karkace, magini ne ya ɓata bango. In ya makara zuwa shago, matarsa ce ba ta tashe shi ba. Tun kafin ya yi aure ya sa aka rubuta masa allo, "Mai Walda Da 'Ya'yansa Maza", ya liƙa shi da ƙarfe a saman shagon don kada iska ta taɓa. Allon ya yi tsatsa, 'ya'yan ba su zo ba.

Laifin kuwa an san inda za a ajiye shi. Matarsa, mai ɗinkin labule, ta sha jiƙe-jiƙe har harshenta ya daina gane ɗaci. Yayarsa ce ke kawo su a gora. Sai ta baje a kujerar falo, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce su dai a danginsu ba su gaji juya ba. Shekara da shekaru matar na haɗiye wannan kalma, kuma ba abin da take so a duniya kamar a wanke ta daga ita.

Da ƙyar ya bi ta asibiti, shi ma don likita ya faɗa mata gaskiya a gabansa. Aka gwada su duka. Likita ya ce ita lafiyarta lau. Shi ne mai matsalar: wani ɗan yanki ya ɓalle daga ƙwayar halittar da ke sa mutum ya zama namiji, wadda ake kira Y, shi ya sa ƙwayoyin haihuwarsa ba su taka kara sun karya ba. Ya ce ana iya gwada haɗa ƙwai a asibiti, amma in namiji aka samu zai gaji matsalar, mace ce za ta tsira.

Gogan naka ko ta kan wannan bai bi ba, mai laifi yake nema. Ya tambaya ko daga mahaifiyarsa ya gada. Aka ce a'a. To ko kakarsa? Ko girkin matarsa?

"Malam," in ji likita, "wannan ƙwayar daga uba take zuwa wa ɗa namiji. Mace ba ta da ita, balle ta ba ka."

Ya fito yana gunagunin likitocin zamani.

Washegari yayar ta zo da sabuwar gora, tana son jin yadda aka yi. Matar ta tsayar da keken ɗinki tana jira. Kalma ɗaya kawai take so daga bakinsa. Shi kuwa ya sunkuya yana ɓantarar wata tsohuwar ƙuna a yatsarsa, ya ce likita ya ce a ci gaba da haƙuri da ita.

Matar ta zaci za ta yi kuka, ko ta ji haushi. Sai ta tarar ba komai a ranta sai raini. Ƙaton mutum, yana lanƙwasa ƙarfe da hannu, ya kasa ɗaga magana ɗaya.

Ta karɓi gorar da ladabi, ta ɗauko kofin da take sha da shi kullum, ta cika shi fal, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Yaya, ki sa shi ya shanye," ta ce. "Ni na gama shan nawa."