Baba da Ƙofar 'Yan Kwana-kwana

Shekarar da na fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu, an haɗa ni da wani dattijo a unguwar University Heights, a ƙasar wajen da ni da shi duk baƙi ne. Injiniya ne a ƙasarsu, can cikin manyan duwatsu inda ƙasa kan girgiza. 'Yarsa ta ce mini ƙuruciyarsa duk ta ƙare ne wajen ƙarfafa ginin 'yan kwana-kwana da ƙananan asibitoci, a ƙauyukan da hanya ɗaya tak ke kaiwa. Baba nake ce masa, yana kuwa amsawa.

Da hantsi nakan tura shi a kekensa na marasa lafiya mu haura tudun unguwar. Kullum sai mun tsaya gaban ofishin 'yan kwana-kwana, ya ƙura wa babbar ƙofar ido. Yakan ce in ƙasa ta motsa a garinsu, dutse kan gangaro ya toshe hanya, ba mai zuwa daga birni. In ƙofa irin wannan ta karkace ta ƙi buɗuwa, shi ke nan, mota na ciki, mutane na ƙarƙashin ɓaraguzai.

Ni da na tashi a Kano, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, sai in ji abin kamar tatsuniya. Wani lokaci tunaninsa kan tafi gida, ya nuna dogayen benaye yana kiransu da sunayen duwatsun garinsu. Yau da gobe har ni ma na fara ganin hazo na sauka a kafaɗunsu, da 'yar siririyar hanya tana nannaɗe su.

Wata safiya ina haɗa masa shayi, kofuna suka hau kaɗawa. Na ɗauka jirgin ƙasa ne, sai na ga fitilar silin tana lilo. Na kama salati. Baba ya riƙe hannuna, fuskarsa wasai kamar wanda ya ji muryar ɗan'uwa.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji shi. "Wannan ƙarama ce."

Da abin ya lafa ya matsa mu fita. Muka tarar da ƙofar 'yan kwana-kwana a buɗe, jar motar a waje, ma'aikatan na tsaye suna mai da zance. Ya ce in matsar da shi jikin bango. Ya ɗora tafinsa a kan bulon, ya daɗe a haka, idonsa a rufe. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya zo ya durƙusa ya tambaye shi ko lafiya. Baba ya amsa masa da harshen garinsu, dogon bayani, mutumin yana ta gyaɗa kai.

Kafin mu gangara gida barci ya ɗauke shi. Na rage sauri.