Karsanar da Na Ɓoye wa Alƙali

Ni dillalin shanu ne a da, kuma ɗan dillali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tsufa a kara, kasuwar shanu, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya rasu bai bar mana komai ba sai gida ɗaya da suna mai kyau. Ni kuwa na ɗauki sunan nan na yi ta cin kasuwa da shi har ya ƙare ƙaf. Ba zan faɗi sunana ba saboda 'ya'yana, amma wanda ya san karar Daura da kasuwannin wajen Zango da Dutsi a shekarun da aka dawo da shari'ar Musulunci, ya san ni. Samari, da ku nake, ku da kuke ganin wayo shi ne jari.

Kun san yadda dillanci yake. Mai saniya yana tsaye can gindin bishiya, mai saye yana wani gefe, kai ne mai kai da kawowa. Abin da ka faɗa wa kowa shi zai ji. Wata rana mai saye ya yi ƙari a kan bijimin wani tsoho, na je na gaya wa tsohon tayin farko, na haɗiye ƙarin. Ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka." Har la'adata ya ba ni da hannu biyu. Na sayi tsire da kuɗin, kuma wallahi ranar nan bai yi min daɗi ba. Kasuwa ta gaba da na sake yi kuwa ya yi daɗi, daga nan ban sake jin komai ba.

Kafin shekara biyu na yi babur sabo, na yi shadda, yara suna ce min Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba. A lokacin ne na sayi wata jar karsana na ba Buba riƙo. Buba Bafillace ne, ubansa abokin cinikin mahaifina ne, tare muka tashi. Muka yi da shi nono nasa ne, maraƙi na uku ma nasa ne. Ba takarda, ba shaida, daga ni sai shi sai Allah. Ba a jima ba ya kora garkensa kudu neman ciyawa, na daina jin labarinsa.

Manoma suka fara kawo min kuɗi tun rani, in sayo musu shanun huɗa kafin ruwa ya sauka. Cikinsu har da Baba Ilu, wani dattijo daga ƙauye a ƙasar Sandamu. Gyaɗar shekara biyu ya tara ya sayar. Ya kwance kuɗin daga bakin rawaninsa ya ce, "Ɗana, bayana ya gaji da fartanya. Bijimai biyu nake so, ba sai masu kyau ba, masu jan garma dai. Na san ubanka." Na ce, "Baba, ka ɗauka suna ƙofar gidanka." Da kuɗinsa da na wasu na loda raguna zuwa kudu, wai in juya in ci riba in dawo ba wanda ya sani. Kasuwa ta faɗi, ciwo ya shiga ragunan, na dawo da abin da bai kai rabi ba. Sai na shiga cin na wannan in toshe bakin wancan. Ruwa ya sauka, mutum bakwai suna jiran shanu, ni kuwa ina laɓe a ɗaki ina sa matata ta ce na yi tafiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sammaci ya same ni har cikin gida.

Na shiga kotu ina shafa wuyan hannuna, don a lokacin kowa maganar yanke hannu yake yi. Alƙali ya ce abin da na yi cin amana ne, ba haddi a kansa, amma akwai horo, kuma haƙƙin mutane sai ya koma. Aka sayar da babur, aka sayar da filin da na saya, har agogon hannuna, aka raba musu. Bai kai ko'ina ba. Alƙali ya dube ni ya ce, "Akwai sauran abin da ka mallaka, a nan ko a wani wuri?" Jar karsanar nan ta faɗo min a rai, kamar ina ganinta tsaye. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babu." Ya ce in yi alwala. Na yi, na dafa Alƙur'ani na rantse. Baba Ilu yana zaune a ƙasa, kallona kawai yake.

Shekara ɗaya da rabi na yi a gidan yari. Ba zan cika ku da labarin ƙwarƙwata da gabza ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne matata, wadda na saba wa nama kullum, ta koma yi wa maƙwabta surfe da wankau don yara su ci. Duk da haka ba ta taɓa fashin kawo min fura ranar ziyara ba. Allah ya saka mata, ban cancanci matar nan ba.

Da na fito, alƙali ya tsara min biya. Duk ƙarshen wata in kai abin da na samu, a bar min na abincin gida, sauran a raba wa mutanen nan bakwai. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Duk abin da ya shigo hannunka bayan wannan, ko kaza ce aka ba ka, ka zo ka faɗa." Kara ba ta karɓe ni ba, wa zai ba kura ajiyar nama? Na koma sayar da harawa da dusa a bakin karar da nake taƙama a cikinta da. Shekara biyu ina kai ɗan abin da ya samu. Na Baba Ilu, da yake shi ya fi kowa yawa, kullum kamar ba a taɓa shi ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, cikin bazara, ina ɗaure harawa, sai na ji an dafa kafaɗata. Na waiga, sai ga Buba da sandarsa, ya rame, ya yi baƙi. Ya ce, "Dillali, kai ne ka koma haka? Taso ka ga dukiyarka." Ya ja ni bayan gari inda suka sauka. Ga jar saniya ta zama uwa, ga bijimai biyu ƙosassu a gefenta, ga 'yar maraƙa tana tsalle. Ya ce, "Ƙaramar tawa ce, yadda muka yi. Ukun nan naka ne." Na zauna a ƙasa ina kallonsu.

Kada in yi muku ƙarya, abin da ya fara zuwa raina ba tuba ba ne. Cewa na yi tsuntsu daga sama gasasshe! Ɗakinmu yana yoyo, yara ba takalmi, ga jari ya zo har gida. Kuma in na faɗa, na tona wa kaina asiri cewa rantsuwar da na yi ƙarya ce, wataƙila in koma inda na fito. Na ce, "Buba, ka ci gaba da riƙe su. In za a sayar, kai za ka kai su wata kasuwa da sunanka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na ji abin da ya same ka tun ina kudu. An ce min ka ƙare, in riƙe abina, ba mai tambaya. Shekarar da ciwo ya kashe min shanu tara, taka ba ta mutu ba, kuma ban ce ta mutu ba. Na kawo maka amanarka. Amma ƙarya kam, nemi wani ya yi maka." Ya juya yana kaɗa shanunsa.

Kunya ta rufe ni. Mutumin da ya kwana a daji shekara biyar da saniyata, ba mai ganinsa, ya kawo ta har da 'ya'ya. Ni kuwa an ba ni kuɗi a tsakiyar kasuwa, gaban jama'a, na cinye. Na gaya wa matata, ina zaton za ta ce mu rufa. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, na iya surfe, na iya kai fura gidan yari. Abin da ban iya ba shi ne dafa wa 'ya'yana haƙƙin tsohon nan." Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka.

Washegari na hau motar Sandamu, na ƙarasa ƙauyen da ƙafa. Na tarar da Baba Ilu a gona yana sharar bazara shi kaɗai, ya duƙa, in ya miƙe sai ya dafa ƙugu. Rabin gonar ya ba da aro don ba ya iya nome ta. Na durƙusa na faɗa masa komai, har rantsuwar. Ya dafa ƙugu ya miƙe, sannan ya ce, "Ranar nan na san ƙarya kake, idonka ya nuna. Na bar ka da Wanda ka rantse da littafinsa. Tashi, rana tana yi."

Na koma na gaya wa Buba, na aika wa sauran masu bina bashi. Ranar Litinin na tsaya gaban alƙali, Buba na waje da shanu uku, mutanen bakwai duk sun zo. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo in faɗi abin da ya shigo hannuna, in kuma faɗi abin da na ɓoye." Na zayyana labarin karsanar da na rantsuwar duka. Alƙali ya ɓata rai ƙwarai. Ya ce rantsuwa irin wannan ba ta da kaffara, ba azumi ba ciyarwa, sai tuba da mayar da haƙƙi. Ya ce yana da ikon mayar da ni gidan yari yau ɗin nan. Na ce na sani, har na yi sallama da gida. Sai Baba Ilu ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya kamo shi, da ƙafarsa ya zo. In aka rufe shi, gobe wa zai ƙara zuwa da ƙafarsa?" Alƙali ya yi rubutu, sannan ya yi min faɗan da har yau in na tuna sai na ji zufa. Amma bai rufe ni ba.

Ya ce a shari'a sai a sayar da shanun duka a raba gwargwadon bashin kowa. Aka ɗan yi hayaniya, don wani daga cikinsu ya ce shi kuɗinsa yake so a hannu. Daga baya suka daidaita da kansu: a sayar da uwar a raba wa su shida, bijiman a yi musu kuɗi a bar wa Baba Ilu, shi kuma ya yi wa biyu daga cikinsu da ke kusa da shi huɗa a daminar. Ban fita da ko igiya ba. Amma na taka daga kotu zuwa gida ina gaisawa da mutane ido cikin ido, abin da na shekara huɗu ban yi ba.

Ni na kora bijiman zuwa ƙauyen da kaina, ni na taya shi horar da su a garma. Ranar da aka yi ruwan shuka, na riƙe igiya a gaba, shi yana riƙe da garma a baya, yana yi musu tsawa yana dariya kamar yaro. Da muka kai ƙarshen kunyar farko ya tsaya ya ce, "Ɗana, sun iso ƙofar gidan, sai dai sun yi latti." Na yi kuka a gonar nan, ban ji kunyar kowa ba.

Damina uku ya yi da su kafin Allah ya karɓi abinsa. Sauran bashin na gama biya bara, alhamdu lillahi. Har yanzu harawa nake sayarwa, amma a 'yan kwanakin nan akan samu mai cewa, "Zo ka duba min haƙoran saniyar nan," in je in faɗi abin da na gani, ba ragi ba ƙari. Na gode wa Allah da ya ba ni Buba, ya ba ni matata, ya kuma ara wa Baba Ilu rai har na kai masa abinsa. Da ya rasu kafin nan, ina zan same shi?

Samari, ƙarin farko da za ku haɗiye shi ne babba, don shi kaɗai ne zai yi ɗaci a bakinku, sauran duk zaƙi za su yi. In kuwa kun riga kun faɗa, ana bin ku kuna biya, to duk abin da ya shigo hannunku ku kai shi a gani, ko kaza ce. Kada ku ce sai kun farfaɗo tukuna. Mai haƙƙin yana can duƙe a gonarsa, kuma ba ku san damina nawa ta rage masa ba.